Jinyar Wadda Aka Sauya Wa Kwatangwalo: Aikin Likita Awa Biyu, Na Gida Wata Uku

'Yan'uwa mata, a wannan mako maganarmu ta shafi wata jinya ce wadda kakanninmu ba su san irinta ba, watau jinyar mutumin da likita ya cire wa gaɓar kwatangwalo ya sa masa ta ƙarfe. A da, in tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a makewayi kwatangwalonta ya karye, sai dai a shimfiɗa mata tabarma a ƙuryar ɗaki a yi ta yi mata sannu. Da yawansu daga nan ba su ƙara tashi. Yanzu kuwa ana kai irin waɗannan asibiti a yi musu aiki, kwana ɗaya ko biyu a ga sun miƙe suna takawa. Amma fa aikin likita awa ɗaya ne zuwa biyu. Sauran aikin, wata uku cur, yana hannun mutanen gida, kun kuwa san in an ce mutanen gida wajen jinya, mu mata a ke nufi.

Za mu yi maganar nan ne da matan Babban Duhu a zuciyarmu, da na sauran garuruwan Safana da Batsari, can yammacin Jihar Katsina a gefen Dajin Rugu. Su tsakaninsu da likitan ƙashi akwai tafiya, don haka dabarar da ta fisshe su za ta fisshe kowa.

ABIN DA A KE SAUYAWA

Ku dubi yadda kan taɓarya ya ke zama cikin turmi. Haka kan ƙashin cinya ya ke. Dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin kwatangwalo, dukansu biyu kuwa suna lulluɓe da guringuntsi mai santsi don kada su goge juna. In gaɓar nan ta lalace, sai likita ya yanke kan ƙashin, ya zura wani ƙarfe mai tsini cikin ɓargon cinya, a samansa akwai ƙwallon ƙarfe ko na tangaram, sa'an nan ya kafa sabon ƙoƙo mai roba mai ƙarfi a ciki. Tsofaffin da suka karye kuwa, sau da yawa ƙwallon kaɗai a ke sauya musu, a bar musu ƙoƙonsu na asali.

Likitoci sun daɗe suna neman dabarar nan. Tun 1891 wani likitan Jamus mai suna Themistocles Gluck ya gwada sassaƙa kan ƙashin cinya da hauren giwa. Amma irin wanda a ke yi yanzu, tushensa aikin John Charnley ne, wani likita a asibitin Wrightington a Ingila, wanda a 1962 ya dace da irin robar da ba ta saurin cinyewa. A nan Arewa an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, kuma ana yin wannan aiki a can. A birnin Katsina akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi, su ne za su duba su faɗi inda ya kamata a nufa.

SU WA A KE YI WA?

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko tsofaffi, musamman mata, domin in al'ada ta ɗauke wa mace ƙashinta ya kan riƙa yin sakayau a hankali, har ya zama 'yar faɗuwa kaɗan ta isa ta karya wuyan ƙashin cinya. Na biyu waɗanda guringuntsinsu ya cinye saboda shekaru ko wani tsohon rauni, har ƙashi yana gugar ƙashi. Na uku, abin tausayi, samari ne da 'yammata masu amosanin jini, watau sikila. Jininsu ya kan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai kan ya mutu ya lotsa, yarinya 'yar shekara ashirin ta koma ɗingishi. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu cutar nan a duniya, ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 a ke haifa da ita kowace shekara.

A nan sai mun yi maganar masu ɗori. Ba mu raina sana'arsu ba, kowa ya san sun ɗora hannuwa da ƙafafu da yawa a ƙauyukanmu. Amma wuyan ƙashin cinya yana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, inda karan ɗori ba ya iya kama shi. Kuma in ya karye, sau da yawa hanyar jinin da ke ciyar da shi ta tsinke ke nan, ko an shekara ana ɗauri ba zai haɗe ba. Saboda haka in tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, kuka ga ƙafar ta gajarce ta kwanta waje, a nemi mota a ranar. Kowane kwana da aka ƙara a gida ƙarfinta ya ke ragewa.

KAFIN A BARO ASIBITI

Ranar sallama ranar murna ce, kowa na ɗokin ɗaure kaya, a nan ne kuwa a kan manta da tambaya. Wadda za ta yi jinyar da hannunta, ita ya kamata ta tsaya gaban likita da ma'aikacin gashin ƙashi, ba mai gida kaɗai ba. Ta tambaya: ƙafar nan, a taka ta da dukan nauyi ko da rabi? Waɗanne motsi aka hana, har zuwa yaushe? Yaushe za a cire ɗinki, a ina? Wane magani ne na safe, wane ne na dare, kwana nawa za a sha? Wace rana za a dawo? A rubuta amsoshin duka a takarda. Ta kuma sa a nuna mata yadda a ke tayar da majinyaciya daga gado da yadda a ke kwantar da ita, ta gwada a gabansu har hannunta ya faɗa.

Sai maganar hanya. Daga Dala zuwa Babban Duhu tafiyar awoyi ce, ƙarshenta kuma hanyar ƙauye. Kada a kuskura a ɗora ta bisa babur. A sa ta gidan gaba na mota, a tura kujerar baya, a ɗora matashi don ta yi tudu, a kuma riƙa tsayawa bayan kowace awa ta fito ta ɗan taka.

Akwai kuma abin da ba a son faɗi amma tilas a faɗa. Tun wajen 2019 ƙasashen Batsari da Safana sun sha wahalar 'yan bindiga, har a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya na 'yan watanni a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, su biyun suna ciki. Mai tafiya da sanduna ba ta iya gudu cikin dare, kuma in ciwo ya tashi a lokacin da hanya ba ta biyuwa, an shiga uku. Don haka in da ɗan'uwa a Katsina ko Dutsin-Ma ko Kano, gara a roƙi arziki ta zauna wurinsa mako shida na farko, har ta koma ganin likita, sa'an nan a wuce gida. Zumunci don irin wannan rana a ke yinsa.

DOKOKI UKU

Abin da ke riƙe ƙwallo cikin ƙoƙo shi ne nama da jijiyoyin da ke kewaye da shi, su ne kuwa likita ya yanka ya ɗinke. Kafin su haɗe su yi ƙwari, sai an yi mako 6 zuwa 12. A cikin wannan lokaci in aka lanƙwasa ƙafar ta wata fuska, ƙwallon na iya gocewa ya fita daga gurbinsa. Saboda haka likitoci su kan ba da dokoki uku, musamman ga wadda aka yi wa yankan ta baya.

Ta ɗaya, in ta zauna kada gwiwarta ta fi kwatangwalonta tudu, kada kuma ta sunkuya ɗaukar wani abu a ƙasa.

Ta biyu, kada ta harɗe ƙafafu, ko a zaune ko a kwance. In za ta yi barci ta kwanta rigingine, a sa matashi tsakanin gwiwoyinta.

Ta uku, kada ta murɗa ƙafar zuwa ciki. In an kira ta daga baya, kada ta kafe ƙafa ta juya jiki, sai ta juya da ƙananan taku.

Wani likitan ya kan sassauta, wani ya ƙara, gwargwadon inda ya yanka. Abin da likitanku ya ce shi ne gaba da abin da kuka karanta a nan.

A ƊAGA GIDA SAMA

To, a nan gizo ke saƙar. Bature mai wannan dabara a kujera ya ke zama, a tebur ya ke cin abinci, makewayinsa na zama ne. Mu kuwa duk rayuwarmu a ƙasa ta ke. A tabarma mu ke hira, a kujerar tsuguno mu ke tuƙa tuwo, murhunmu a ƙasa, tsintsiyarmu gajera, masai na tsuguno, gaisuwa a durƙushe. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya karya dokar farko. Saboda haka babban aikin uwargida, tun kafin a dawo da majinyaciya, shi ne ta ɗaga mata gida sama. Abin ba ya cin kuɗi da yawa, kafintan gari da 'yan bulo sun isa.

Wurin zama. A nemi kujerar katako mai ƙwari, mai hannuwa biyu inda za ta dafa ta tashi. A auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta a ƙara yatsu huɗu, tsawon kujerar ke nan. In ta gaza, a ɗora matashi mai tauri. Kushin mai laushi da mutum ke nutsewa ciki ba nata ba ne yanzu.

Wurin kwana. Katifa a ƙasa ta haramta gare ta. In gadon gajere ne, a sa bulo ƙarƙashin ƙafafunsa, a tabbata ba ya rawa. A ajiye ruwan sha da fitila da tasbaha da waya inda hannunta zai kai ba sai ta sunkuya ba.

Makewayi. Kafinta ya huda tsakiyar wata doguwar kujera, a ɗora ta bisa bakin masai, ko a sa bokiti ƙarƙashinta a cikin ɗaki saboda dare. A kafa turke mai ƙarfi a gefe don dafawa. A wannan kujera za ta yi wanka ma, a zaune. Ku lura da wani abu: tsohuwa mai kunya, in ta ga sai an kama ta za ta zaga, sai ta rage ci da sha a ɓoye don kada ta ɗora wa mutane wahala. Wannan kuwa shi ke kawo taurin bayan gida da ciwon mafitsara da jiri. Maganinsa a ba da wannan aiki ga wadda ba ta jin nauyinta. Jika, wadda da ma akwai wasa tsakaninsu, ta fi suruka dacewa da shi.

Gaisuwa. Ga tsohuwa wannan da sauƙi, ita a ke durƙusa wa. Wahalar tana ga yarinyar da aka yi wa aiki tana gidan miji. In ta gai da uwar mijinta a tsaye, gobe a ce ta je birni ta koyo girman kai. Mai gida shi ya kamata ya sha gaban maganar tun ranar farko, ya ce, "Inna, likita ya hana ta durƙuso har wata uku, in ta yi aikin zai lalace. Ki yi mata afuwa, ki kuma shaida wa su Goggo." In magana ta fito daga bakin uwar miji, ba mai ƙara tankawa.

Salla. Addini bai ɗora wa mara lafiya abin da ba ta iyawa ba. Malamai sun bayyana cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance. Sai ta yi a kan kujerarta, ta yi nuni da kai wajen ruku'u da sujada. Wajen alwala kada ta sunkuya wanke ƙafa, wata ta wanke mata. In likita ya hana ruwa ya taɓa mikin, a tambayi malam yadda za ta yi da wankan tsarki. Komawa sujada da zaman tahiya a ƙasa sai ranar da likita ya yarda.

Aikin gida. Daka da surfe da shara da jan guga da ɗaukar tulu da goyo, duk a ɗauke mata. Amma kada a bar ta zaune hannu rabbana, zuciya ta kan mutu. A ɗora mata faifai bisa tebur ta tsince shinkafa, ta gyara zogale, ta ɓare gyaɗa, ko ta ci gaba da ɗinkin hularta.

TAFIYA ITA CE MAGANI

Masu zuwa dubiya za su cika ɗaki, kowa na cewa, "Iya, kwanta ki huta, kada ki motsa." Da kyakkyawar niyya su ke faɗi, amma shawarar tasu ita ce mai kashewa. Wadda ta daɗe kwance, jini ya kan daskare a jijiyar ƙafarta, majina ta taru a huhunta, bayanta ya yi gyambo, naman cinyarta ya saki. Shi ya sa a asibiti a ke tayar da ita tun washegarin aiki.

A gado ma akwai motsin da za ta yi. Ta riƙa kaɗa tafin ƙafarta sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau goma a kowace awa in tana farke. Ta miƙe ƙafa ta danna bayan gwiwa a katifa, ta ƙirga biyar, ta saki. Ta ja numfashi mai tsawo sau da yawa. Sa'an nan a yi mata ƙa'ida mai sauƙin tunawa: bayan kowace salla ta zaga tsakar gida da ƙarfen dogarawarta, wata na biye da ita. Yau taku ashirin, jibi talatin. Sannu ba ta hana zuwa. In ƙafar ta kumbura da yamma, ta kwanta a ɗan ɗaga ta bisa matashi.

In za ta hau dokin ƙofa, ƙafa mai lafiya ce gaba. In za ta sauka, sanda da ƙafar da aka yi wa aiki su ne gaba. In ta kai lokacin riƙe sanda ɗaya, a hannun da ke ɗaya gefen za ta riƙe, watau in dama aka yi wa aiki, sanda a hagu.

Faɗuwa ita ce babbar abokiyar gaba. A kawar da igiyar awaki da turke da tabarmi daga hanyarta, a hana zubar da ruwan wanke-wanke inda ta ke bi, a kore kaji. Ta sa takalmi mai kama dunduniya, silifas yana zamewa. Da dare kuwa kada ta taka ko'ina sai da fitila.

MIKI, MAGANI DA ABINCI

Ɗinki a kan cire shi bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan mikin ya zauna a bushe a rufe, kada kowa ya taɓa shi sai ma'aikacin asibiti, ko wadda aka koya wa, bayan ta wanke hannu da sabulu. Kada a shafa masa man shanu, ko toka, ko garin magani. Kada a gasa shi da ruwan zafi irin na jego. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko sakiya a cinyar, ko da ta kumbura. Ga dalili: naman mutum yana da jini mai yaƙar ƙwayoyin cuta, ƙarfe kuwa ba shi da shi. In ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfen ta liƙe, magani da ƙyar ya ke cim mata, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire ƙarfen duka. Saboda wannan dalili ne kuma, har bayan shekaru, in maruru ya fito mata, ko haƙori ya ruɓe, ko fitsari na zafi, a yi maganinsu da wuri.

Likita ya kan ba da maganin hana daskarewar jini na wajen mako huɗu zuwa biyar. A shanye shi duka ko da ta ji garau. Kada a ƙara mata wani maganin ciwon jiki daga kemis ko daga masu tallar magani a kasuwa, gama waɗansunsu in sun haɗu da na likita su kan sa jini ya ɓalle a ciki. Tramadol kuwa, kun dai ga abin da ya yi wa samarinmu, kada a sha sai yadda likita ya rubuta. In akwai jiƙo ko sassaƙen da ta saba sha, a gaya wa likita. Mai ciwon suga ko hawan jini ta ci gaba da maganinta, domin suga in ya hau miki ba ya warkewa.

Nama da ƙashi da abinci su ke ginuwa, abincin kuwa yana nan cikin gidajenmu: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da kindirmo, zogale, miyar kuka, alayyahu, da nama in an samu. Koko da tuwo kaɗai ba su isa ba. Ta sha ruwa da yawa, ta ɗan sha hantsi kowace safiya, gama hasken rana yana taimakon ƙashi. Mai sikila a ninka mata kula: ruwa a kai a kai, bargo lokacin hunturu, gidan sauro kowane dare. In azumi ya riske ta cikin jinya, a tambayi likita tukuna, mara lafiya an yi mata rangwame ta rama daga baya.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

1. Ciwo mai tsanani farat ɗaya, ƙafa ta gajarce ko ta juya, ta kasa takawa. Ƙwallon ya goce ke nan, ko ƙashi ya tsage. Kada kowa ya ja ƙafar, kada a kira mai ɗori. A kwantar da ita a mota a nufi asibiti.

2. Sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. Alamar gudan jini ce. Kada a yi mata tausa, tausa na iya tura gudan ya tafi huhu.

3. Numfashi ya sarƙe, ko ƙirji na suka, ko tari da jini. Wannan ko tsakar dare ne a tafi.

4. Miki ya yi ja, yana ruwa ko mugunya ko wari, ko ciwon na ƙaruwa kullum maimakon raguwa.

5. Zazzaɓi da rawar sanyi. Mun saba cewa kowane zazzaɓi na sauro ne. Ga wadda ke da ƙarfe a jiki, sai an auna jini an kuma duba mikin.

6. Tsohuwa ta rikice, tana sambatu ko ba ta gane mutane. Kafin a ce iska ce, a kai ta a duba, sau da yawa wata cuta ce ta shiga jiki.

Tun ran da aka dawo gida a san motar wa za a nema in dare ya yi, a kuma ware kuɗin mai a ƙulle wuri guda.

KOMAWA GANIN LIKITA

Yawanci a kan ce a koma bayan mako shida a ɗauki hoton ƙashi, sa'an nan bayan wata uku, sa'an nan bayan shekara, daga nan sai yadda likita ya tsara. A nan mutanenmu su ke sakaci. An sayar da shanu, wani har da gona, an biya kuɗin aiki, ga Iya tana tafiya da ƙafarta, sai a ce me za a koma yi? Abin da ba a sani ba shi ne, robar nan tana cinyewa a hankali, ƙarfen kuma na iya yin kwance, ba tare da an ji ciwo ba sai abu ya yi nisa. Hoto ne kaɗai ke nuna shi da wuri, lokacin da gyara ke da sauƙi. Saboda haka kuɗin motar komawa a lissafa shi cikin kuɗin aiki tun farko, ko a shiga adashi dominsa.

A 2019 masana daga Jami'ar Bristol a Ingila sun tattara labarin dubban mutanen da aka yi wa aikin nan, suka buga a mujallar likitoci mai suna The Lancet. Sun samu cewa wajen 9 cikin 10 na gaɓoɓin sun kai shekara 15 suna aiki, fiye da rabi kuma sun kai shekara 25. Ga tsohuwa wannan ya kan ishe ta iyakar rayuwarta. Yarinya mai sikila kuwa ta san watakila wata rana a sake mata, don haka ta lallaɓa wanda ke jikinta: ban da tsalle, ban da kaya mai nauyi a ka, ban da barin jiki ya yi ƙiba.

Matan aure su kan ji kunyar tambaya biyu, bari mu amsa musu. Komawa shimfiɗar miji yawanci sai bayan mako shida, in likita ya yarda, tare da kiyaye dokokin nan uku. Haihuwa kuwa, ƙarfen ba ya hana ɗaukar ciki, mata da yawa sun haihu da kansu bayan aikin. Sai dai a bari jiki ya warke sosai tukuna, a gaya wa masu awo tun zuwan farko, a kuma haihu a asibiti.

Takardar sallama da katin asibiti da hotunan ƙashi, a sa su cikin leda a ajiye a akwati inda gara da ruwa ba su kai. Duk asibitin da za ta je nan gaba, ko don wani ciwo dabam, a tafi da su.

GA 'YAMMATANMU NA MAKARANTA

Ku ma kuna da rabo cikin wannan lada. A gidaje da yawa ke ce kaɗai mai iya karanta rubutun da ke jikin kwalin magani. Ki sami littafi ki ja layi, ki rubuta kowane magani da lokacinsa, ki haɗa shi da lokacin salla don kada a manta, in an sha ki yi alama. Ki rubuta yawan takun da Kaka ta yi kowace rana, da ranar da aka ji jikinta da zafi. Ki zagaye ranar komawa asibiti a kalanda, ki riƙa tuna wa Baba tun saura mako guda. Ranar komawa ki miƙa wa likita littafin, zai ga abin da baki ba zai iya tunawa ba. Wadda kuma ta ji aikin ya kwanta mata a rai, ta sani ana koyar da gashin ƙashi a Jami'ar Bayero ta Kano, matanmu kuwa sun fi sakin jiki in mace ce ke kama su.

In kuma lokacin aure ya zo, a yi gwajin jini kafin a sa rana. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar yin gwaji kafin aure, har da na sikila. Rigakafi ya fi magani.

Jinyar nan tana da gajiya, mace ɗaya ba ta iya ta. A raba kwana tsakanin 'ya'ya da surukai da jikoki, mai jinya ita ma ta sami barci. In an daure wata ukun nan, sai ku ga Iya ta ɗauki sandarta ta tafi barka da ƙafarta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wadda ke da tambaya ta rubuto wa Filin Mata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.